Sunan Sieni Bai Fito Ba

Honolulu, 9 ga Satumba

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki? Yaya Kawu Falaniko da mutanen cocinmu na tsibirin Savai'i? Mu lafiya lau. An rage mana kwanakin aiki a wankin otal, amma kada ki sa a ranki, muna da katin tallafin abinci.

Bana ko takarda ɗaya ban cike ba. Hukuma ta haɗa sunayen 'yan makaranta da na masu katin, sai ga wasiƙa wai yarana za su ci abincin rana kyauta. Na ɗauka har da Sieni da nake riƙo, na daina ƙulla mata shinkafa. Ashe sunanta bai fito ba, tunda sunan babanta, marigayi Yaya Pita, take ɗauke da shi. Mako biyu ita da yarana Lupe da Penina suna raba faranti biyu su uku, ba wadda ta gaya mini!

Na tafi makarantar a fusace. Malama Kanoe ta ofis ta ce, "'Yarki ce?"

Na ce, "Mu a wurinmu ba a wannan tambayar."

Ta ce, "Yi haƙuri, 'yar'uwa. Tukunyarku ɗaya?"

"Ɗaya."

"Shi ke nan, ta shiga."

Ki sa matar nan a addu'a, Inna. In kin sami mai zuwa, ki aiko mana da koko irin namu na cakulan.

Yanzu Sieni tana da farantinta. Amma Lupe ta ce har yau sai ta tura musu rabi kafin ta fara ci.

'Yarki,
Fuatino