Ramuka Huɗu a Katakon Damina

Zuwa ga yayana, Malam Habu Kafinta.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da ladabi irin na ƙane ga wansa, ina fatan kana cikin rahama a makwancinka na Damagaram. Na san takarda ba ta kaiwa inda kake. Mutanen Gumel nake so su karanta wannan, don akwai abin da na ɓoye musu a kanka tun shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama.

Kana tuna Malam Iro, mai tallar magani kasuwa-kasuwa? Shi ya kawo mana lasifika biyu daga Kano, kowace da maganaɗisu a bayanta mai nauyin dutsen niƙa, ya ce a yi musu akwatunan da zai ɗaure a rufin motarsa.

Ta farko kai ka ɗaura, ina tsaye ina hamma. Ka ciro katakon da ya shekara a rumfa, ka huda ramuka takwas har suka ɓulla baya. Ka yanka zoben jemammiyar fatar akuya ka sa tsakanin ƙarfe da katako don kada ta riƙa kaɗawa. Kowace ƙusa da notinta daga ciki, kuma ba ka ɗaure su a jere, sai wannan, sai wadda ke fuskantarta. Kakan ce, "Sale, katako sai ya sha rani kafin a ba shi riƙon ƙarfe." Ni kuwa, da gemuna da iyalina, ina ganin tsabar son wahala ce kawai.

Sai aka yi rasuwa a gidan surukanka a Gagarawa, ka tafi kwana uku, ka bar mini ta biyu. Busasshen katako ya ƙare, noti ma sai an je Kano. Na ɗauko sabon katakon da muka saya cikin damina, na murɗa sukuru huɗu marasa noti, na jijjiga, ta zauna daram. Na lulluɓe fuskar akwatin da baƙin ƙyalle. Da ka dawo ka tambaya ko takwas na sa, na ce takwas. Ba ka ɗaga ƙyallen ba, Yaya. Wannan yardar ita ta fi ci mini rai.

Damina ta wuce lafiya, kaka ma haka. Da bazara ta kama, katakon ya bushe ya tsuke, ramukan suka saki, hanya kuma ta yi ta jijjiga abin da ya rage. Ranar kasuwar Maigatari, Malam Iro na tsakiyar talla, lasifikar ta yage ƙyallen ta faɗo a ƙafar Dije, wata Bafulatana da ke zaune da ƙwaryar nononta a inuwar motar. Ƙashin ya karye.

Aka dawo mana da akwatin, jama'a cike da ƙofar rumfa. Ka sa yatsa ka bi ramukan ɗaya bayan ɗaya. Ka dube ni sau ɗaya. Sannan ka juya ka ce musu, "Aikina ne. Allah ya ba ku haƙuri." Da suka watse ka ɓalle katakon, ka kai wa Inna ta hura wutar tuwo da shi. Ni ma na ci tuwon.

Kai ka sassaƙa wa Dije sandar dogarawa, ka kai mata har rugarsu bayan Sule Tankarkar. Na raka ka, na tsaya wajen shanu saboda kunya. Ta warke da ɗingishi.

Daga nan aiki ya ɗauke mana. Wanda zai kawo kujera ma sai ya wuce, ana cewa hannun Habu ya lalace. Kullum ina cewa gobe zan yi magana. Kafin goben ta zo ka haɗa kayanka ka ƙetare iyaka, ka bar mini rumfar da gwangwani cike da noti. Ba ka taɓa tayar da zancen ba, har labarin rasuwarka ya iso.

Dije na same ta daga baya na faɗa mata, ta yafe. Kai ne na makara. Har yau akwai dattawa a garin nan da idan abu ya kwance sukan ce ɗaurin Habu ne, a yi dariya. Jikokinka suna ji.

To ku ji, mutanen Gumel. Akwatin da Habu ya ɗaura ya fi Malam Iro daɗewa a duniya. Wanda lasifikarsa ta faɗo ramukansa huɗu ne, kuma ni na huda su.

Yaya, ina kewarka ƙwarai. Allah ya rufa maka asiri a gabansa yadda ka rufa mini, ya haskaka kabarinka, ya haɗa mu inda zan iya kallon idonka. Amin.

Ƙanenka mai neman gafara,
Sale.