Guga Biyar na Baba

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara, ya kuma aiki? Mu nan sai godiya.

Albishirinka! Hannun Baba ya motsa. Ka san tun da ɓarin jikinsa ya shanye yatsun dama suke a dunƙule, likitar gashin ƙashi ta yi ta fama ya ƙi matsa ƙwallon robar da ta ba shi, wai shi ba jariri ba ne. To wasan gonar nan da ka ce in sa masa a waya ya yi abin da ta kasa. Da aka ce masa lambun da ke jikin nasa a wasan naka ne, sai ya karɓe wayar. Mutumin da ya shekara arba'in yana ban ruwa, yanzu ga shi a kujerar bakin taga yana faɗa da allo, wai wane sakarai ne ya shuka albasa kusa da kabewa.

Abu ɗaya ke ba shi haushi, ruwa. Guga biyar kacal ake ba kowa a rana, ga fangali goma sha biyu. Akwatin kyauta kuwa, wasu su buɗe su sami taki, shi sau huɗu yana samun hular mutum-mutumi. Na yi dariya har da hawaye.

Baba na gaishe ka.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya jikin ƙaramar taka? Allah Ya ƙara sauƙi.

Na ga ka ci rijiya a ƙarshen zangon wasan, an ɗaga ka zuwa ƙauyen manya. Barka. Amma Yaya, ka taɓa tambayar kanka inda ruwan da kake tararwa kowace safiya yake fitowa? Na Baba ne. Guga uku yake tura maka, ya bar wa kansa biyu. Na yi masa bayani har bakina ya gaji, cewa a nan girbi kawai ake dubawa, mai yawa a ƙara masa, marar shi a bar shi a ƙasa. Ya ce a lambu ba a shan ruwa a bar na kusa da kai yana bushewa, balle ɗanka. Ka san shi da kafiya.

Yanzu shi ne na ƙarshe cikin mutum ashirin. Tumatirinsa ya ƙone, an kawo wani baƙo a filinka, mai rijiya biyu da katanga. Ranar farko Baba ya danna wurin tura ruwa ya fi sau goma, wasan yana cewa babu wannan maƙwabcin. Ya ɗauka yatsansa ne ya kuskure. Wallahi kasa gaya masa na yi, na shige kicin na yi kukana.

Rubutowa nake don ba zan iya faɗar wannan a waya yana jina ba.

Taka,
Auta

Yayana,

Ina gaisuwa. Saƙonka ya iso, na ji ka ce ba a komowa ƙasa sai mutum ya goge gonarsa ya fara daga farko, kuma wata biyar ka yi kana gina ta. Na gane. Ban ce ba ka wahala ba.

Ga halin da muke ciki. Baba ya daina shuka. Ya ce wasan da mai rijiya ne kullum ke cin rijiya, me zai sa tsoho ya wahalar da kansa. Jiya likita ta buɗe yatsun da ƙyar, ta ce sun fara komawa yadda suke, in aka ƙara wata guda a haka ba ta da tabbas. Cokali ma ya koma hannun hagu. Na ce zan buɗe gona kusa da shi, ya ce ni ai yana ganina kullum. Abin ya yi mini ciwo, amma gaskiya ya faɗa. Shekara uku rabonka da gida, a lambun nan kaɗai yake tashi da safe ya gan ka.

Na zaci ya rabu da wayar gaba ɗaya. Ɗazu ina gyara masa shimfiɗa na duba. Ashe kowace safiya yana shiga, ya karɓi gugansa biyar, ya fita. Tankinsa ya cika, guga talatin, iyakar abin da wasan ke bari a tara. Fangalin duk sun tsattsage, bai zuba wa ko ɗaya ba. Na tambaye shi me yake jira, ya ce yaron nan in ya dawo zai tarar da fili busasshe, da me zai fara?

Ni dai ban iya roƙo ba, ka sani. Ka goge gonar nan, Yaya. Ruwanka na nan an ajiye maka.

Ƙanwarka,
Auta