Ɗakin Sama a Bin Omran

Yaya Sayibu,

Assalamu alaikum. Ina gaida kai da Inna da su Anti Sauda.

Yaya, na rasa yadda zan yi. Ɗakin da maigidana Ismail ya kama mana a unguwar Bin Omran shi ne na can sama, rufin kankare, rana tana dukansa tun safe. Na'urar sanyaya ɗaki tana ta ruri, amma zufa muke yi. Jaririyata Firdaus duk ƙurajen zafi sun feso mata, ba ta kama nono sai kuka. Ismail ya yi wa mai gidan hayar magana, ya ce masa khalas, wato magana ta ƙare, in ba mu so mu tashi. Kai ka san aikin rufi da silin, don Allah ka gaya mini abin yi. Tsoro nake ji.

Ƙanwarka,
Na'ima

*

Na'ima,

Wa alaikumus salam. Wato ke da kika tafi ƙasar masu kuɗi, sai kin dawo wurin kafintan Tudun Wada? To share hawayenki.

Na'urarku lafiya take, sanyin ne yake zurarewa. Ki rufe ƙofa da taga, ki kunna turaren tsinke, ki bi da shi gefen taga, ƙasan ƙofa da bakin ramin na'urar. Duk inda hayaƙin ya karkace, nan iska take bi. Ismail ya toshe da soso da gam, kada ya bar ko kafar allura. Ya nemi farin soson nan da ake tallafe sabon firji a kwali, ya manna a silin. Allah ya raya mana Firdaus.

Yayanki,
Sayibu

*

Yaya,

Sallama da godiya mai yawa. Allah ya saka maka da Aljanna.

Hayaƙin ya tona asirin ɗakin nan, har ta ramin waya iska take shigowa. Ismail ya liƙe ko'ina, ya rufe silin, yanzu ko na zaga da turaren miƙewa hayaƙin yake yi sak. Har bargo nake ja.

Da na ba Inna labari a waya faɗa ta yi, wai ina aka taɓa ganin mai jego cikin sanyi. Ta aiko Hajiya Atine, wadda ta zo nan daga gida, da kasko da turaren wuta, ta ce in riƙa hura garwashi safe da yamma ina gasa jikina, in rufe ƙofa kada ɗumin ya fita. Na samo gawayi a kantin ƙasa, ina yi. Kaina ne dai yake ɗan sarawa, ina jin rashin barcin baya ne. Firdaus kuwa ta daina kuka gaba ɗaya, barci take ta yi, sai na tashe ta da ƙyar take shan nono.

A gaida Inna.
Na'ima

*

Na'ima,

Na kira ki, na kira Ismail, ba wanda ya ɗauka. Don girman Allah ki fitar da kaskon nan, ki buɗe ƙofa da taga, ki ɗauki yarinyar ku tafi asibiti yanzu. Ɗakin Inna na gida iska tana shiga ta ko'ina, naki kuwa mun liƙe shi. Gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe mutum ba tare da ya ji warin komai ba. Wannan barcin ba na lafiya ba ne. Ki amsa mini ko da kalma ɗaya ce.

Sayibu

*

Yaya Sayibu,

Assalamu alaikum, Ismail ne. Ina makaranta na ga kiranka, na kira Na'ima ba ta ɗauka ba, na taho a guje, sai da na ɓalle ƙofa. Na same su a sume, na kawo su asibiti. Na'ima ta farfaɗo, tana magana. Firdaus tana ɗakin jarirai an sa mata iska, likita ya ce mu jira.

Na'ima ta ce in roƙe ka abu ɗaya. In Inna ta tambaya, ka ce zazzaɓi ne.

A taya mu da addu'a.
Ismail