Kwana Goma a Bayan Mai Jar Lema

Ran Talata

Zuwa ga 'yata Likita,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya masu jiki? Ni dai na sauka lafiya, sai kunnena na hagu da har yanzu bai sauko daga jirgi ba. Kin san ni da latse-latsen waya ba ma ga maciji, saboda haka a takardar otal nake rubutu, abokiyar ɗakina ta ɗauki hoto ta tura miki. Tsohuwar shugabar makaranta ce, kowa Malama yake ce mata. Tana da kirki, sai dai ko atishawa ka yi sai ta gyara maka ita.

Mu ashirin da uku ne. Jagoranmu wani siririn mutum ne mai jar lema, ba ruwa ba rana tana ɗage a sama, mu kuma muna biye da shi ɗuu kamar 'yan tsaki. Fasfo ɗinmu da tikitin komawa duk suna jakarsa. In za mu shiga mota ya ƙirga mu, in mun fito ya ƙirga mu. Ni ce lamba sha bakwai.

Jiya ya kai mu fadar wani sarki da ya mutu tun kafin a haifi kakan kakana. Ɗaki ya fi ɗari. Kowa ya ɗaga kai yana kallon zanen rufi har wuya ya ƙage, ni kuwa ƙasa nake kallo. Shekara talatin ina goge daɓen asibiti, ido ya riga ya saba. Wallahi wadda ke goge wannan daɓen ta san aikinta, har lungun bayan ƙofa ta bi. Na sa Malama ta tambayi mai lema wa ke gogewa. Ya yi dariya, ya ce tunda yake ba a taɓa yi masa wannan tambayar ba.

Abinci kuwa sai wanda ya gani. Teburi daga nan har can, kowa ya ɗebi son ransa. Burodi kala bakwai, ɗanyen ganye kamar an gayyato akuya, da wata miya da na ɗauka ruwan wanke hannu ce. Na ɗauko wani abu ina murna nama ne, ashe kifi ne da bai taɓa ganin wuta ba. Na haɗiye don kada in ba ki kunya.

Jibi kasuwa. Tunda kin ce bikinki sai nan da wata biyu, zan duba miki faranti masu kyau. Ranar da aka ɗora mini ke a cinya kina wata bakwai, bayan rasuwar ƙanena da matarsa, ban roƙi Allah komai ba sai ya nuna mini ranar da zan zauna a kujerar uwar amarya. In na dawo dai ki haɗa ni da iyayen yaron nan. Shi na gan shi sau biyu, yana da ladabi, amma ba a sayen doki a ga wutsiya kawai.

Allah ya yi miki albarka da wannan yawo da kika biya mini.

Goggonki

*

Ran Laraba

Goggo,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da kika isa lafiya. Don Allah kada ki wahalar da kanki da sayayya, ina da komai. Hutu na tura ki, ki huta. Ki riƙa shan maganinki bayan karin kumallo, kuma kada ki rabu da ayari. Sai Litinin in kun sauka, zan aiko mota.

Aiki ya yi yawa, ki yi haƙuri da gajeren rubutu.

'Yarki

*

Ran Alhamis da safe

Aminiyata ta kaina,

Sallama irin ta maƙwabta. Ya baƙunta, ya cin daɗi? Mun ji labari, an ce har da cokali uku ake ba ku. Gidanki lafiya lau, ina zuba wa shukokinki ruwa, kyanwar nan taki kuma ta koma kwana a kan yadin mutane.

To ni fa kin sa ni a tsaka mai wuya. Tun makon jiya Likita ta aiko mini da ɗinkin 'yan rakiyarta, riga tara, ta ce lallai a gama kafin Asabar. Ban runtsa ba, ƙafata har ta kumbura a kan keken ɗinki. Yanzu ina jera su sai na ce, kai, ina ta uwar amarya? Na duba takardar awon da ta ba ni sama da ƙasa, babu ke. Na ce ruɗewar biki ce, yarinya ta manta. Akwai ragowar yadi mai kyau, kuma tsohon awonki yana littafina, amma wa ya san abin da abincin otal ya yi wa ƙugunki? Ki samu igiya ki auna ki aiko mini yau, in kwana a kai. Ba za a ce ina raye ki shiga bikin 'yarki da tsohuwar riga ba.

Gobe Juma'a za ku sauka ko? Ki faɗa mini lokaci, don a gwada kafin Asabar ɗin.

Taki har kullum,
Mai Keke

*

Ran Alhamis da la'asar

Likita,

Ina gaishe ki.

Muna cikin shagon faranti takardar Mai Keke ta shigo wayar Malama. Mai lema ne ya kai mu, ya ce nan ne masu kyau, ko da yake na lura shi shayi ake ba shi a kujera, mu ake ba tsada. Na riga na zaɓa miki guda goma sha biyu masu bakin zinariya, ana naɗe su a takarda. Malama ta fara karanta mini da murya, ta kai rabi ta tsaya. Matar da ba ta taɓa rasa abin faɗa ba. Na karɓa na ƙarasa da kaina.

Na je wurin mai lema na ce ya ba ni fasfo ɗina, gida za ni. Ya ce tikitin ayari ne, ba a ɓalle wa mutum ɗaya, sai Litinin. Ya ce wanda ya biya ya san da haka, a rubuce yake.

Ba zan yi miki kuka a takarda ba. Tambaya ɗaya ce. Jibi Asabar bikin wa ake yi? In Mai Keke ce ta ruɗe, ki faɗa mini in je in ci mata mutunci. In kuwa ba ita ba ce, ki faɗa mini da bakinki, kada in ƙara ji a bakin tela.

Goggonki

*

Ran Juma'a

Goggona,

Ina durƙusawa ina gaishe ki. Na rubuta wannan takarda sau huɗu ina yagawa.

Gaskiya ne. Gobe ne.

Goggo, mahaifin angon Babban Likita ne, shugaban asibitin da kika yi aiki. Wanda kika shekara goma sha tara kina share ofishinsa a hawa na biyu. Ban sani ba sai da magana ta yi nisa. Ranar da na fara zuwa gidansu matarsa ta tambaye ni wa ya riƙe ni, na ce goggona, ma'aikaciyar asibiti ce ta yi ritaya. Ta ce, a'a, ashe nas ce. Ban ce e ba, amma ban ce a'a ba. Daga nan magana ta yi ta tafiya, na rasa inda zan tare ta.

Mutum ɗari uku za su zo, rabinsu likitoci. Na yi ta hango shi yana miƙo miki hannu, sai ya tsaya ya ce, ashe ke ce. A gaban kowa. Na san bakin mutanen nan, cikinsu nake aiki. Wallahi ba kaina kaɗai na duba ba, na ji tsoron a wulaƙanta ki ne ina tsaye ban iya komai ba. Ƙanwar mahaifiyata ce za ta zauna a gaba, na yini ɗaya kawai.

Kin daɗe kina cewa kina so ki ga duniya kafin ƙafa ta gaza. Na ce in haɗa biyun, ki ji daɗi, ni ma in wuce wannan ranar. In kin dawo za mu yi namu taron a gida, mu kaɗai, in sa rigar ki gan ni. Sannu a hankali zan faɗa musu.

Ki yafe mini, Goggo. Ba ni da wata uwa sai ke.

'Yarki

*

Ran Asabar

Aminiyata Mai Keke,

Na gaishe ki, na gode da ruwan shukoki. Ki ajiye almakashinki, babu rigar da za a yanka. Kada kuma ki zargi kanki. Ke dai kin ƙirga riguna kin ga ba su cika ba, aikinki kika yi.

Kin san wa za ta zauna a kujerata? Ƙanwar uwarta. Wadda da yarinyar ta yi ƙyanda na aika mata sau uku, ta ce tana jin tsoron ɗauka wa 'ya'yanta. Yau ita ce uwa. Ni kuma an biya mini jirgi don kada a ga hannuna. Hannun da ya jiƙu a ruwan bokiti har farce ya mutu, don wata ta riƙe biro.

Yau jirgin ruwa aka sa mu. Aka zagaya da mu ana nuna mana gadoji, wannan shekararta kaza, waccan wane ne ya gina ta. Kowa na ɗaukar hoto. Malama ta ce in yi murmushi, na yi mata, ta duba wayar ta goge da kanta. Da rana aka jera mana abinci a wani gida mai madubi ta ko'ina, duk inda na juya sai in ga wata tsohuwa riƙe da cokali ta kasa kai wa baki. Na duba agogo, na ce yanzu ana shiga da ita.

Bayan nan aka sake zuba mu a kasuwa, wai awa ɗaya. Na koma shagon farantin in mayar, mai shagon ya nuna mini wani rubutu a bango. Malama ta ce ma'anarsa abin da ya fita ya fita. Na ce ai na sani. Ki share wuri a kabad ɗinki, naki ne.

Daga nan ban san yadda aka yi ba, na samu wani benci a bayan masu sayar da jakunkuna na zauna da kwalina a cinya. Ban ɓata ba, ina ganin motar daga inda nake. So nake in ga abin da zai faru. Mai lema ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Sai ga shi ya fito a guje, lema a sama, yana leƙa shago shago yana kiran sha bakwai, sha bakwai. Mutum ashirin da biyu suka zauna a mota kusan rabin awa, ba a motsa ba. Da ya same ni gumi ya jiƙa masa riga, ya yi ta faɗa da harshensu. Na bar shi ya gama. Aminiya, mutumin nan ko sunana bai iya faɗa ba, kuma na san don aikinsa yake yi. Amma ya ƙirga ya ga babu ni, ya ƙi tafiya. Sai a lokacin hawayen ya zo, shi kuma ya ɗauka faɗansa ne ya sa ni kuka, ya koma ba ni haƙuri.

Ina jin haushi, ba zan ɓoye miki ba. Haushin da ban taɓa ji ba ko ranar da aka sallame ni daga aiki da agogon bango. In kin je wurin bikin kada ki ce mata komai. Ki dai duba mini ko ta yi kyau.

Taki,
Aminiyarki

*

Ran Lahadi

Likita,

Ina gaishe ki, ina yi miki murna. Allah ya ba da zaman lafiya.

Abu ɗaya ne ba ki tambaye ni ba, da kin huta da wahala. Shekara goma sha tara ina shiga ofishin surukinki kowace safiya. In na yi sallama, ƙafafunsa yake ɗagawa in share ƙarƙashin tebur, idonsa na kan takarda. Bai taɓa duban fuskata ba, ko sau ɗaya. Da kin bar ni na zo na zauna a gabansa, da hannu zai ba ni ya ce ya ji daɗin haɗuwa da ni.

A duk mutum ɗari ukun nan babu wanda zai gane ni sai ke.

Kada ki aiko mota gobe, na san hanyar gidana. Ki gaida mijinki.

Goggo