Bodari a Ƙarƙashin Ɗakin Biki

Litinin, 3 ga Yuni
Bodari ya tare ƙarƙashin daɓen katakon ɗakin ciyawarmu, inda za a yi rawar bikin ɗana Leif ranar Asabar. Maigida Arvid ya ɗauko bindiga. Amaryar, Tansy, ta tare shi a ƙofa, wai in aka harbi bodari sai ya fesa kafin ya mutu, warin kuma zai wuce wata. Tun farko ban so Leif ya auri mai kama dabbobi ba. Amma ban taɓa ganin wanda ya sa Arvid ya ajiye bindiga ba sai yau.

Talata, 4 ga Yuni
Tansy ta ɗana tarkon keji da kifin gwangwani. Ta ari tsohon bargona, ko izini ba ta jira ba.

Laraba, 5 ga Yuni
Da safe bodarin ya kamu. Ta tagar kicin na kalla. Tansy ta riƙe bargon a gabanta kamar labule, tana tafiya a hankali, tana masa magana ƙasa-ƙasa. Da ya fara buga ƙafafun gaba ya ɗaga jela sai ta tsaya cak. Ni da ke cikin gida sai da na rufe taga, ita ko gezau. Ya huce, ta matsa, ta lulluɓe kejin. Wallahi ta burge ni.

Sai ta leƙa ta gefen bargon ta ga ashe mace ce mai shayarwa. Ta buɗe ƙofar kejin, ta sake ta a nan, uwar ta koma ramin da ta fito a ƙarƙashin daɓen!

Na fita ina faɗa. Na ce baƙi daga jihar Minnesota za su taka rawa a kan daɓen nan, in ta tsorata ta fesa fa?

"Mama, in na kai ta daji, 'ya'yan za su mutu a ƙasan nan da yunwa," in ji ta. "Gara a fesa mini a rigar aure."

Haushi dai na ji, har yanzu ina ji.

Alhamis, 6 ga Yuni
Tansy ta zura fitila da rediyo cikin ramin, wai uwar ba ta son hayaniya, da kanta za ta kwashe su. Arvid ya ce ta kamo mata tashar 'yan siyasa, ko shi zai gudu.

Juma'a, 7 ga Yuni
Shiru, ba alamar sun fita. Na gasa burodi, na ƙona rabi.

Asabar, 8 ga Yuni
Da sassafe Tansy ta duba garin fulawar da ta barbaɗa a bakin ramin: sawun fita, babu na komawa. Ta toshe ramin da ragar waya, sannan ta tafi gyaran gashi. An yi rawa har katako na girgiza, ba wanda ya toshe hanci. Na yi kuka a coci, na ce murar bazara ce.

Litinin, 10 ga Yuni
Na gano inda suka koma: ƙarƙashin barandar kicin ɗina. Da yamma 'ya'yan suka fito a jere bayan uwarsu, kowane da farin zanensa.

Arvid ya tambaye ni ko ina suka yi. Na ce ina zan sani.

Na daina buga ƙofar baya da ƙarfi in zan fita, kada in firgita su.