Tawadar da Michiyo ta goge

Litinin, 5 ga Nuwamba

Matata Michiyo ta wanke oban ɗina, tsohon kuɗin Japan. Babban sulen zinariyar nan mai faɗin tafin hannu, wanda aka sa wa hannu da tawada shekara ɗari biyu da suka wuce. Tawadar ce darajarsa. Shekara talatin da takwas ban taɓa shi ba sai da safar hannu, ko numfashi ba na yi a kansa. Na dawo daga aski na tarar tana dirza shi da soso, har da 'yar waƙarta.

Ɗigon tawada ɗaya ya rage, can gefen ƙasa.

Na daka mata tsawar da ban taɓa yi ba tun aurenmu. Ta ce, "Baban Kayoko, ai ya yi baƙi ne kamar gindin tukunya."

Talata, 6 ga Nuwamba

Ban ci shinkafarta ba. Haushinta nake ji.

Juma'a, 9 ga Nuwamba

Na kai wa Horiuchi, dillalin da ya sayar min. Ya ce akwai mai sake rubutun, amma duk 'yan ƙungiyarmu ta masu tara tsoffin kuɗi za su gane, gara in lallaɓa ɗigon nan. Wai kuma yaushe rabon da likita ya ga Michiyo. Ina ruwansa? Tsohon banza.

Laraba, 14 ga Nuwamba

Takalminta a cikin firji. Watan jiya gishiri a shayi. Tun bazara 'yarmu Kayoko take faɗa min a waya, ina cewa tsufa ne. Ni da nake hango ƙwarzanen da bai kai silin gashi ba a jikin zinariya.

Litinin, 19 ga Nuwamba

Likita ya faɗi sunan ciwon. Ba zan rubuta shi ba. A jirgin ƙasa ta tambaye ni wa ya ɓata min rai kwanan nan, ta je ta same shi. Kunya ta kama ni, na kalli taga.

Lahadi, 25 ga Nuwamba

Ta ga akwatin sulen a kan tebur, ta tambayi me ke ciki. Na buɗe na ɗora mata a hannu. Ta ce, "Kai, sanyi yake ji," ta rufe shi da tafukanta. Babban yatsanta daidai kan ɗigon, tana shafawa a hankali. Ina kallo.

Mun sha shayi. Ta cinye wainar wake biyu.

Ban duba ko ɗigon yana nan ba. Safar hannun ma na manta inda na ajiye.