Bencin Baya

Wudil, 7 ga Yuni, 1999

Kawu Nathaniel,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya ƙafar taka, ya mutanen Utai?

Kawu, dattawan ikilisiya sun mayar da ni bencin baya, sun hana ni Jibin Ubangiji, gurasar nan mai tsarki da ake rabawa a coci. Laifina? Ranar Lahadi Dattijo Labaran yana wa'azi a kan haƙuri, na miƙe na ce jiya na gan shi yana zabgar jakinsa a bakin gada, na karanto masa aya uku. Ƙarya na yi? Ni da na koya wa kaina karatu a kan keken ɗinki, na fi shi riƙe aya! Soja ma sun miƙa mulki, amma tsofaffin nan ba a taɓa su. Ka yi shekara talatin kana bishara, suna jin maganarka. Rubuta musu su ɗage min horon kafin Jibin ƙarshen wata.

Ɗanka,
Istifanus

Utai, 12 ga Yuni

Istifanus ɗana,

Alheri da salama. Ƙafa da sauƙi. Ba zan rubuta ba. Jakin ka so ka ceta, ko Labaran ka so ka kayar? Zaman tsarki ba yawan aya ba ne, abin da ayar ta yi maka ne kafin ka jefi wani da ita. Je ka gidansa kai kaɗai, ka gaishe shi, ka yi shiru.

Allah ya kiyaye ka,
Kawunka

Wudil, 21 ga Yuni

Kawu,

Ina gaisuwa. Na je. Na shirya masa amsa goma, mutumin nan ya ƙi yin faɗa! Kunu ya ba ni, ya ce, “Ɗan nan, gaskiya ka faɗa, sai dai ka faɗe ta kamar mari.” Jiya kuma ya kai kansa gaban dattawa, ya nemi horo. Yanzu a gefena yake zama a bencin baya, yana rera waƙa ba daidai ba, ni kuwa ba damar gyarawa. Da wa zan yi fushi kenan? Na ba shi haƙuri a gaban jama'a.

Ka huta lafiya,
Istifanus

Wudil, 28 ga Yuni

Kawu,

Sun ɗage min. Shi Dattijo Labaran sai wata mai zuwa. Da aka miƙo min gurasar, na ce zan jira shi.

Kada ka yabe ni. Har yanzu haushi nake ji.

Ɗanka,
Istifanus